Ƙafa Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

A cikin wasannin da Turawa suka ƙago da moto, wanda maƙwabta na Najeriya ke kira babur, akwai guda ɗaya da ba a cin sa da gudu. Sunansa tiriyal. A tsaunukan Birtaniya aka haife shi: gasar Sikotilan ta soma a 1909, ta lardin Yokshaya na Ingila kuma a 1914, zamanin da masu ƙera moto ke son su gwada ko ƙarfensu zai jure wa dutse da laka. Dokar wasan mai sauƙin faɗi ce. Mahayi zai ratsa wani ɗan yanki mai duwatsu da gangare da ruwa, alƙali na tsaye yana kallon ƙafarsa. In ya dafa ƙasa sau ɗaya, a rubuta masa laifi 1. Sau biyu, laifi 2. Sau uku ko fiye, laifi 3. In ya faɗi ko ya kasa fita, laifi 5. Wanda ya fi kowa ƙarancin laifi shi ya ci. Tun 1975 ake gasar duniya ta wannan wasa, kuma wani ɗan Ispaniya, Toni Bou, ya riƙe kambinta daga 2007 har 2024 bai saki ba ko shekara ɗaya. Motonsa ba shi da wurin zama, nauyinsa wajen kilo 70 ne, kuma ana rage wa tayarsa iska don ta rungumi dutse.

Mutanen Tawa sun fi sanin wani wasan daban, wato tseren Paris-Dakar, wanda ya fara tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya kuma yada zango a birnin fiye da sau ɗaya a shekarun 1980 da 1990. Ƙurarsa da rugugin injinansa sun bar wa yaran wancan zamani tunanin cewa gwanin moto shi ne wanda ya fi gudu. Sai dai ƙasar Adar ita kanta darasin tiriyal take koyarwa, ko da yake mafi yawan ɗalibanta ba su taɓa jin sunan ba.

Barmu na arewa maso gabas da Tawa, inda tuddan marmara na Adar ke fara miƙa hannu ga jigayin Azawak. Babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Tawa ta bi ta Tabalak zuwa Agadas da Arlit, don uranium aka shimfiɗa ta. Da zarar matafiyi ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyuka, sai fako, sai tsakuwa mai kaifi, sai rairayi mai cin taya, sai ƙoramu da ke bushe wata tara su cika cikin dare guda. A kan waɗannan hanyoyi ne motocin Sin da na Indiya, irin su Kasea da Royal da Boxer, suka bazu tun daga shekarun 2000, suka karɓi rabin aikin jaki da amalanke. Ɗan kabu-kabu na ɗaukar buhun hatsi, da jarkokin ruwa, da tunkiya ɗaure a baya ranar kasuwa. Yana kuma ɗaukar mace mai naƙuda, an zaunar da ita tsakaninsa da ƴar rakiya, zuwa likita cikin duhu. Mahayin da ƙafarsa ta zame a tsakiyar gangare da irin wannan kaya, babu alƙalin da zai rubuta masa laifi a takarda: a jikin mutane ake biyan tarar.

A wani gari na ƙasar Barmu akwai wani dattijo da ya fahimci wannan tun da wuri. Kamar dubban Adarawa, ya yi ƙuruciyarsa a wurin biɗa, a Abijan, inda ya shekara da shekaru yana yaron makanike. Abokan tafiyarsa sun komo da rediyo da atamfa da kwanon rufi. Shi kuwa akwatin ƙarfe ya sauko da shi daga mota. Bai buɗe garaji ba, noma ne sana'arsa, amma zaurensa ya zama wurin da motocin unguwa ke kwana in sun yi ciwo. Abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba: kile mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 da 19, kilen buji, turnabis biyu, pansi, ƴar guduma, ƙarafa biyu na cire taya, famfon iska, gam da faci, ɗan murɗin waya, da tsagin tsohuwar roba na ɗauri. Kafin ya taɓa inji sai ya shimfiɗa buhu ya jera su, domin kusar da ta faɗa rairayi ta tafi ke nan. In ya gama kuma sai ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya kafin ya rufe.

A wurinsa ƙura ce babbar abokiyar gaba. Injin moto numfashi yake yi, kuma da hunturu ƙura yake shaƙa. Saboda haka soson matacin iska ake fara dubawa, a wanke shi, a shanya, a shafa masa mai kaɗan don ya kama ƙura. Mai ƙyuyar da ya cire soson ya yar, yana jin injinsa ya ƙara kuzari na ƴan makonni, daga nan sai hayaƙi, don yashi ya riga ya cinye cikin silinda. Buji kuma shi ne mai ba da shaida: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta toshe, in ya yi fari fat, injin na ƙuna. Sarƙa ana barin ta da ɗan sassauci kamar faɗin yatsa biyu, kuma ba a cika mata mai, domin mai da rairayi in sun haɗu sun zama dutsen wasa, su cinye haƙoran da take hawa. Baƙin mai, wajen lita guda, ana juye shi kafin ya tsinke kamar ruwa. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuwa, sai an tace shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki. Wayoyin ƙafa ana kaɗa su da kile ana saurare: wadda ta yi amo tana ɗaure, wadda ta yi shiru ta saki.

Wata shekara ɗan ƙanwarsa ya samu sabon moto, wansa da ke Libiya ne ya aiko da kuɗin. Uwar yaron ta kawo makullin ta damƙa wa dattijon, shi kuma ya jefa shi aljihu ya yi kwana bakwai bai mayar ba. Kullum da hantsi sai ya sa yaron ya cire ƙafar baya, ya fitar da robar ciki, ya nemo huji a cikin kwanon ruwa, ya liƙe, ya mayar, ya daidaita sarƙa. Ran na huɗu yaron ya gaji.

“Kawu, sabo na hwa. Mi za ya same shi?”

“Ƙayar aduwa ba ta san sabo ba, ɗana. Ran da ta soke ka tsakanin gari da gari, da marar lahiya bayanka, wa za ka kira?”

“Ai akwai salula, Kawu.”

“Salula ba ta liƙe taya. Ɗauko pansi.”

Sai da hannun yaron ya faɗa, sannan aka fita bayan gari, nan ma ba a bar shi ya wuce giya ta biyu ba. A rairayi, ya ja jikinsa baya don ƙafar gaba ta yi sauƙi, ya riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, kada ya damƙi birkin gaba. A hawan dutse, ya zaɓi hanyarsa da ido tun daga ƙasa, ya dubi inda za shi, ya bar kallon abin da yake tsoro. A bakin ƙorama da damina, ya sauka ya shiga da sanda ya auna zurfi da ƙarfin ruwa; in ruwan ya kai inda inji ke shan iska, ya zauna ya jira, don ƙorama ba ta kwana da fushi. In kuwa tsautsayi ya sa injin ya sha ruwa, kada ya yi gaggawar tayar da shi: ya cire buji, ya yi ta harba ƙafar tashi har ruwan ya fita, ya sake baƙin mai da zarar ya isa gari.

A nan ne zaure da hanya suke haɗuwa. Moto mai ciwo yana iya ɓoye ciwonsa a kan kwalta, domin gudu na rufe aibi. Tafiyar sannu ce ke tona asiri. Wayar totur da ta cije za ta fizgi mahayi a daidai inda yake son lallaɓawa. Kulocin da ba a daidaita ba zai kashe inji a tsakiyar hawa. Birkin da ya cinye zai ƙi kamawa a gangare, ko ya kama gaba ɗaya. Gwanayen tiriyal na Turai suna tafe da makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara saboda wannan dalili. Mahayin Adar shi ne direba, shi ne makanike, kuma duk garajinsa bai wuce abin da zai ɗaure da roba a ƙarƙashin wurin zama ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa wannan ilimi daraja. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, man da ke tsallakowa ta Ƙonni ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara kuma iyaka ta rufe har zuwa Maris na 2024, alhali kayan gyara da yawa ta can suke shigowa. Wanda ya saba yar da abu ya sayi sabo ya ji a jikinsa. Wanda ya iya wanke karbirato, ya tsawaita ran sarƙa, ya liƙe roba sau biyar kafin ya rabu da ita, ya ci gaba da kai yaransa makaranta da hatsinsa kasuwa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin takaici, har yanzu inda samari ke nuna bajinta shi ne rakiyar amarya, inda ake sakin hannu, ana ɗaga ƙafar gaba, ana tsere cikin taro, wani lokaci a wayi gari gidan biki ya koma gidan makoki. Ƙuruciya ba ta rabuwa da son a gan ta, kuma hani kaɗai bai taɓa raba ta da shi ba. Da ma magabatan gari da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu za su keɓe wani tudu a bayan kasuwa, a jera duwatsu da turaku, a sa dattawa alƙalanci, a ga wanda zai ratsa da buhu a baya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, a kuma ga wanda zai riga kowa cire taya ya mayar. Cibiyoyin koyon sana'a da makarantu ma suna da rabonsu: sunayen kile da buji da turnabis sun riga sun zama Hausa, saura a rubuta ilimin da ke tare da su kafin masu akwatunan ƙarfe su ƙare. Uwar da ke neman wanda zai kai ɗiyarta likita da tsakar dare ta riga ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma ba ta tambayar wa ya fi gudu a garin.