Linzamin harshe: a duba kafin a yanka

A nan Sabo ta Ibadan da wuya mako ya wuce ba a yi suna ba, kuma a yawancin gidaje wanzami na zuwa ranar. A yi aski, a cire belu, wani lokaci har da yankan linzami. Kan linzamin nan nake son yin magana.

Kowa yana da shi. Ɗaga harshenka a gaban madubi, za ka ga siririyar fatar da ta haɗa shi da ƙasan baki. Matsala tana zuwa ne idan fatar ta yi gajarta ko kauri har ta riƙe harshen jariri. An fi samunsa ga yara maza, kuma yakan bi dangi.

Ɗana na uku da shi aka haife shi. Yakan kama nono ya saki, ana jin ƙas-ƙas a bakinsa, ya daɗe yana tsotso amma bai ƙoshi ba. Kan nonon mahaifiyarsa ya tsage, har tana fargabar lokacin shayarwa. Wata gwaggonmu ta ce nonon ne ba shi da kyau, a koma madarar gwangwani. Maƙwabci ya ce a kira wanzami. Da muka je awo, ma'aikaciyar jinya ta sa a shayar da shi a gabanta, ta gyara yadda ake rungumarsa, ta ce mu dawo bayan kwanaki. Da nauyinsa bai ƙaru ba, likita ya ɗaga harshen, ya nuna mana bakinsa ya lotsa a tsakiya, ba ya wuce dasashi. Da tsabtataccen almakashi ya ɗan tsaga fatar. Jini ɗigo kaɗan, nan take aka ba shi nono.

Abin lura shi ne ba su yi gaggawar yanka ba. Jarirai da yawa suna da gajeren linzami amma suna shan nono lafiya, waɗannan ba a taɓa su. A 2024 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yankan ya yi yawa, a fara da gyara shayarwa. Linzamin leɓen sama kuwa kusan kowane jariri yana da shi, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yanke shi yana gyara tsotso. Yaron da ya yi jinkirin magana ma, a fara duba kunnensa, don linzami ba ya hana fara magana.

Wanzamai iyayenmu ne, muna girmama sana'arsu. Amma a ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, jaririn kwana 7 kuma jininsa kaɗan ne. Wanda aka haifa a gida bai samu allurar bitamin K ba, jini na iya ƙin tsayawa. Askar da ta taɓa wani kuma tana iya ɗauko ciwon hanta ko sandarewar jiki.

Iyaye mata, ku lura da waɗannan. Bayan kwana 5 jariri ya riƙa fitsari aƙalla sau 6 a rana. Zuwa mako 2 ya koma nauyinsa na haihuwa. Idan ba haka ba, ko shayarwa ta zama azaba, a tafi asibitin sha-ka-tafi, su za su tura ku wurin likitan yara ko na kunne da maƙogwaro idan da buƙata.

Mu maza kuma, mu ne ke kiran wanzami, mu ne ke biyansa. Idan ya zo ranar suna, a yi aski, bakin yaro kuma a bar wa likita. Allah ya raya mana zuriya.