Kasuwar Tsofaffin Bindigogi a Birmingham

A Birmingham, garin da maƙeransa suka daɗe suna ƙera bindigogin da fatake ke kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, akwai wata kasuwa da ke ci jefi-jefi cikin wani babban zaure. Hajarta ɗaya ce: tsofaffin makamai. Bindigogin ƙarni na 19 ne shimfiɗe kan tebura, masu ciniki kuwa galibi dattawa ne, kowa da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Dokar Ingila ta yarda mutum ya ajiye irin wannan bindiga ba lasisi, in dai an ƙera ta kafin Satumban 1939, ta ɗuri ce ko wadda aka daina yin harsashinta, kuma don ado ya ajiye ta. Ranar da ya yi niyyar harbawa, sai ya nemi takarda.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda suke karanta bindiga kamar malami da tsohon kundi. Wani dattijo ya miƙo min Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871 suka yaƙi Zulu da ita a 1879. Ya nuna min kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da sunan masana'antar Enfield, da shekarar ƙira. Ga ɗan kan kibiya, alamar kayan gwamnati. In kibiyoyi biyu suka fuskanci juna, to soja sun sayar da ita. Ya ce maƙeran mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun kwaikwaye ta har da tambarin, amma asirinsu kan tonu: wani ya juya harafin N, wani ya buga sunan Sarauniya da shekarar da ta riga ta rasu, alhali a 1901 ta mutu. Masu cinikin ba sa son a goge ƙarfe ya yi ƙyalli. Duhun da shekaru suka bar masa shi ne darajarsa, wanda ya kankare kuwa ya karya kuɗin bindigar.

Da yawa cikin irin waɗannan bindigogi daga Nepal suka fito. A 2003 aka kwashe dubban bindigogi da suka daɗe jibge a wata tsohuwar fada a Kathmandu, suka bazu kasuwannin Turai da Amurka.

Gaban bindigar Enfield ƙirar 1853 na fi daɗewa. Harsashinta a takarda yake, sai soja ya ciji bakin takardar ya zuba albarushi. Da labari ya bazu a Indiya cewa da kitsen alade da na saniya ake shafe takardar, sojojin Musulmi da na Hindu suka ƙi, wannan na cikin abin da ya kunna boren 1857. Mai tebur ya san nauyinta da faɗin bakinta da rundunar da ta riƙe ta. Waɗanda aka auna da ita ne ba su da tambari a jikinta, ban kuma ji ana zancensu a zauren ba. Wannan ya tsaya min a rai, domin mu ma a gaban bakin bindiga muka tsaya: bindigar Maxim, da aka ƙirƙira a 1884, ita Turawa suka girke a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903.

Duk da haka na yaba da riƙonsu. A gidajen sarauta da na maharba a ƙasarmu akwai adaka da suka ga zamanin Rabe da zuwan Nasara, tsatsa na cin su, masu labarinsu na ƙarewa. Wanda ya gaji irin wannan, don Allah kada ya kankare ta. Ya zauna da dattawan gidansu ya rubuta wanda ya riƙe ta da yaƙin da ta je, sannan ya nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, irin Gidan Makama na Kano.