Daga Jabal Awliya Zuwa Omdurman a Kwanakin Makokin Amin Makki Madani

Jabal Awliya gari ne da ke bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, kuma an san shi da madatsar ruwan da aka kammala a 1937 domin amfanin Masar, wadda ba ta dawo hannun Sudan ba sai a 1977. A nan wani matafiyi Bakano ya sauka a farkon Satumbar 2018, ya kwana biyu a wata lokanda, wato masaukin talaka a bakin Sudaniyawa, inda kuɗin cizo da rashin ruwa suka hana shi runtsawa. Wani dattijo masunci, jikan alhazan ƙafa da ake kira Fallata, shi ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya ciyar da shi soyayyen kifi, yana yi masa tsohuwar Hausa irin wadda Kano ta soma mantawa.

Daga bakin wannan dattijo ya ji rasuwar Dokta Amin Makki Madani, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar 31 ga Agusta. Lauya ne haifaffen Wad Madani a 1939, ya riƙe minista a gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1985, sannan ya jagoranci ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a Gaza da Yammacin Kogin Jodan. A Disambar 2014, bayan ya sa hannu a Adis Ababa kan Nida'us Sudan, wato kiran haɗin kan 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula, aka kama shi yana da shekara 75, tare da ɗan adawa Faruk Abu Isa, aka tsare su har Afrilun 2015.

A Omdurman matafiyin ya fi daɗewa, domin a gindin kowace bishiya, inda mata masu shayi ke kafa kujeru, zancen marigayin ake yi, ko da yake da murya ƙasa-ƙasa, ga kuma dogayen layukan burodi da na fetur. Sudaniyawa suna da al'adar ta'abin, taron da ake shiryawa bayan makoki domin a lissafa ayyukan mamaci a bainar jama'a. Matafiyin bai ga abin da ya kai sadakar uku da addu'ar arba'in ta gida amfani ga wanda ke kabari ba, amma ya yarda cewa ƙasar Hausa ta yi sakaci da tarihin mutanenta, tunda Malam Sa'adu Zungur da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda haƙƙin talakawa, yara da yawa sunansu kawai suka sani.

Khartum kanta ba ta ba shi wani sabon abu ba, in ban da katangar kurkukun Kobar da ya hango daga mota. A nan aka tsare Madani, kuma nan aka kai shugaban ƙasar, Umar al-Bashir, bayan an tumɓuke shi ranar 11 ga Afrilun 2019.