Bo-Kaap: Unguwar Da Ta Ƙi Ɓoye Kanta

A wannan watan zan kai ku birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, unguwar Bo-Kaap da ke gindin tudun Signal Hill. Ranar da na hau titin Wale na shiga cikinta, tsayawa na yi cak. Wannan gida kore shar, na kusa da shi ruwan hoda, na gaba rawaya, wani kuma shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga marina.

Da farko na ɗauka ado ne kawai don baƙi masu ɗaukar hoto. Ashe launin nan da labarinsa.

Da yawa daga mazauna unguwar Musulmi ne, jikokin bayi da fursunonin da Turawan Holan suka kwaso daga Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka. Cikin fursunonin har da malamin nan Tuan Guru, wanda aka tsare a tsibirin Robben a 1780, ya rubuta Alƙur'ani da ka a can. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, a 1794 kuma aka kafa Masallacin Auwal, mafi tsufa a ƙasar. Yana nan a titin Dorp har gobe.

Sai mulkin wariyar launin fata ya zo da nasa. A 1966 aka ce unguwar District Six da ke kusa ta zama ta farar fata zalla, aka tashi mutum sama da 60,000, aka rushe gidajensu. Allah Ya tsirar da Bo-Kaap.

Mutanen unguwar kan ce a zamanin haya dole bango ya zauna fari. Da suka mallaki gidajen, kowa ya ɗauki buroshi ya shafa launin da ransa ke so. Waɗanda aka wulaƙanta saboda launin jikinsu, sai ga shi da launi suka ɗaga kai. Daga 2023 kuma wasu bangayen sun ƙaru da zanen tutar Falasɗinu, don wanda ya san zafin kora ba ya mance ɗan uwansa.

Har yanzu da sauran aiki. Gidaje sun yi tsada, haraji ya hau, masu kuɗi na zawarcin unguwar. Bayan fafutukar mazauna, a 2019 gwamnati ta sa wurare 19 na unguwar cikin kayan tarihin ƙasa.

A hanyar dawowa na tuna shekarun da nake jin nauyin gayyatar ƙawaye gidana, saboda ɗaki biyu ne a lungu. Na tuna kakata, wadda ko kujera ba ta da ita, amma duk jajiberin Sallah sai ta shafe ɗakinta da farar ƙasa ta buɗe ƙofa. Sati biyu da sauka na sayi fenti galan ɗaya, ni da yara muka shafe zaurenmu. Su suka zaɓi launin: kore.