Ran Gini, Ran Zane

Tun ina aji biyu na fara tara kalmomin saƙa da rini daga bakin tsofaffin garinmu. Duk hutu sai in ɗauki littafi da alƙalami in tsuguna a gindin masaƙa ko bakin karofi, abin da na ji in rubuta. Kafin in shiga ajin ƙarshe na cika littattafai bakwai, biyu kuwa daga cikin dattawan da suka ba ni kalmomin nan sun riga mu gidan gaskiya. Da na kai wa malamin da ke duba kundina, sai ya jujjuya littattafan ya ce, "Malam, wannan dukiya ce, amma a warwatse take. Ka zuba ta a rumbun bayanai na kwamfuta, yadda in an nemi kalma za ta fito da ma'anarta da jinsinta da jam'inta da inda aka ji ta."

Manhajar da aka nuna mini ita ce PostgreSQL, wadda ta samo asali daga wani bincike da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili tun 1986, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1996. Kyauta ce, ba a biyan ko anini. Sai dai tsohuwar kwamfutar da na samu, mai aiki da Linux, ba ta haɗe da intanet, saboda haka wani abokina ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya ɗauko mini tushen manhajar a filashi. Tushen nan, watau ɗanyen rubutun da masana suka yi da harshen C, bai zama manhaja ba tukuna. Misalinsa kamar ka nemi riga ne a miƙo maka zare, a ce ga masaƙa can.

Matakai uku ne aikin. Na farko shi ne umarnin configure, wanda ke zagaya kwamfutar ya duba ko kayan aiki sun cika. Na biyu shi ne make, wanda ke sa mai harhaɗawa ya juya ɗanyen rubutun zuwa harshen na'ura. Na uku kuwa make install, shi ke kai abin da aka saƙa mazauninsa.

A matakin farko na yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Sau uku configure yana tsayawa. Ya nemi readline, ya nemi zlib, duka biyu abokina ya samo su. Karo na uku ya ce bai ga ICU ba, amma in na ga dama in rubuta --without-icu a wuce wurin. Dare ya yi, na gaji, ban kuma san mene ne ICU ba. Na ce a raina abin da za a iya yi ba shi ai ba dole ba ne. Na rubuta, aka wuce.

Ana tsakiyar make aka ɗauke wuta. Na kwana da zullumi, amma washegari da na sake ba da umarnin sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Saura initdb, mai share filin da bayanai za su zauna. Da fari ya ƙi aiki, domin na zo masa da sunan shugaban na'ura, shi kuwa ba ya yarda sai da sunan mai amfani na gama-gari. Da na gyara wannan sai ya koka da tsarin harshen kwamfutar. Nan ma na bi gajeriyar hanya, na zaɓi UTF-8 don haruffa su fito, na bar tsarin jerawa a kan C, alhali ban san ma'anarsa ba.

Mako uku na yi ina shigar da kalmomi. Ran da na gama na ce a jero mini su bisa abacada, don in kai wa malam. Na bi k tun daga karofi da katsi har kunkuru, sai kawai na ga l. Babu ƙoshiya, babu ƙwarƙwaro. Gabana ya faɗi, domin ƙoshiya ita ce kalmar farko da marigayi tsohon masaƙin unguwarmu ya koya mini, yana jefa ta daga hannu zuwa hannu. Na gangara jiki a sanyaye har z, na wuce zare da zugu. Can ƙarƙashinsu na tarar da su, kalmomin ƙ, sa'an nan na ɓ, sa'an nan na ɗ, an tara su a bayan gari kamar baƙin da ba a san gidansu ba.

Daga baya na gane dalili. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lamba. Lambar k 107 ce, ta z 122, amma ƙ tana 409, ɓ 595, ɗ kuwa 599. Tsarin C ba ya duban harshe, lamba kaɗai ya sani, don haka ƙarami gaba babba baya. ICU ɗin da na raina kuwa, ashe shi ne taskar ƙa'idojin jera haruffa na harsunan duniya, har da Hausa. A cikinsa aka rubuta cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, kuma sh da ts haruffa ne masu zaman kansu. PostgreSQL ta fara karɓarsa a fitowa ta 10 a 2017, daga fitowa ta 16 a 2023 kuma ya zama abin da configure ke nema da kansa. Watau an yi wa harshena ɗaki a gidan, ni da hannuna na ce kada a gina shi.

Gyaran bai yiwu da kwaskwarima ba. Sai da na kwashe kalmomin da pg_dump, na je gari na samo ICU, na warware saƙar duka, na sake configure da make, na sake initdb ina mai ambaton ha, alamar Hausa. Da na mayar da kalmomin na sake jerawa, sai ga ƙoshiya ta zauna bayan kalmomin k, inda kowane ɗan firamare zai neme ta. Kwana huɗu wannan ya ci mini, ga lokacin miƙa kundi ya matso.

'Yan'uwana ɗalibai, mun saba cewa na'ura ba ta san Hausa ba, mu naɗe hannu. Abin da na gani shi ne, sau da yawa ana tambaya tun wajen aza harsashi, sai dai mai amsawa ko bai san harshen ba, ko bai san na'urar ba. Abokina ya iya make, amma bai taɓa damuwa da inda ƙ take zama ba. Ni na damu, amma ban fahimci tambayar ba. Kamata ya yi a sami mai nazarin Hausa wanda zai iya karanta saƙon configure ya san abin da za a rasa in an wuce. Hausawa dai sun riga sun faɗa, tun ran gini ran zane. Allah ya jiƙan dattawan da suka ba mu kalmomin nan, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.