Hukuncin da Na Yanke Kafin In Saurara

A 1984 tashar MTV ta Amurka ta fara raba kyaututtukan bidiyon waƙa a birnin New York, kuma babbar kyautar shekarar ta tafi hannun The Cars, masu kiɗan rok. Haka aka yi ta tafiya: Dire Straits a 1986, R.E.M. a 1991, Pearl Jam a 1993, Aerosmith a 1994. Filin na masu jita da ganguna ne. Waƙar rap, wadda samarin baƙar fata suka ƙirƙiro a unguwar Bronx tun farkon shekarun 1970, sai a 1989 aka ware mata rukuninta. Shekara 10 bayan haka Lauryn Hill ta ɗauke babbar kyautar, Eminem ya ɗauka a 2000 da 2002, Missy Elliott a 2003, OutKast a 2004. Bayan 2006 kuwa aka share fiye da shekara 15 kyautar ba ta koma wurin 'yan rok ba.

Na bi wani sashe na wannan labari tun ina ɗalibi a Kano, zamanin da ake taruwa a ɗakin mai satalayit. Tun a lokacin na tsayar da ra'ayina: kuɗi ne da talabijin suka ɗora marasa gwaninta a kan masu gwaninta. Ni ba wani masoyin rok ba ne. Hannu nake girmamawa. Wanda ya yi shekara da shekaru yana koyon jita yakan tuna mini da mai gurmi, da mai garaya, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Shi kuwa mai rap, a ganina, surutu kawai yake zubawa a kan kiɗan da na'ura ta haɗa masa. Har ƙa'ida na kafa wa kaina, ina faɗarta a majalisa da ƙarfin gwiwa: wanda hannunsa bai iya kaɗa komai ba, kada ya kira kansa mawaƙi.

Da abin ya iso gida, da wannan ƙa'idar na tarbe shi. Su Billy-O da Ziriums suka fara gambarar zamani da Hausa a Kano, ban tsaya na ji su ba. A 2009 da wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11 a jihar, zamanin Malam Abubakar Rabo a Hukumar Tace Fina-finai, na ce madalla, alhali ko rabinsu ban saurara ba. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, Nomiis Gee ya riƙa gabatar da H Hip Hop da Zafafa Goma, sai ga sunayen Classiq da Morell da DJ AB da Deezell a bakin yaranmu, daga Gwarzo har Getso, daga Kabo har Garo. Na ce ga shi nan, abin da ya ci rok a Amurka ya zo cin kalangu a ƙasar Hausa.

Ana cikin haka wata ƙungiyar samari a Kabo ta shirya gasa bayan ƙaramar Sallah. Kowa ya ɗauki bidiyon waƙarsa da waya, a nuna a babbar talabijin ta gidan kallon ƙwallo, alƙalai su ba da maki. Da yake ina koyar da Hausa a Gwarzo, suka girmama ni da shugabancin alƙalan. Shekarar 2018 ce, ba a daɗe da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin ba, bayan binciken da BBC ta fitar kan yadda yake hallaka matasa.

Bidiyo biyu ne suka yi fice. A ɗaya, wani saurayi sanye da babbar riga, masu kalangu a bayansa, murya mai daɗi. A ɗayan, wani tsohon ɗalibina ne da hular hana-sallah, yana tafe cikin lungu yana wurga hannu, kiɗan kwamfuta na bugawa. Da na ga hular da tafiyar, kunnena ya toshe. Ina kallon bakinsa yana motsi, zuciyata tana can wajen tsara abin da zan faɗa game da lalacewar al'ada. Da bidiyon ya ƙare ɗakin ya ɗauki tafi da sowa, wasu har miƙewa suka yi, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin ƙarin hujja: yara ne, duk abin da talabijin ta nuna musu shi suke so. Na ba shi maki mafi ƙanƙanta. Sauran alƙalan sun fifita shi, amma ƙannena ne a shekaru, na yi ta magana har suka ji nauyina suka sauko. Mai kalangu ya ci. Ban tsaya nan ba. Da aka ba ni lasifika na ce, a gaban jama'a, wasu yaran sun bar gado sun kama kwaikwayon baƙin Amurka. Kowa a wurin ya san da wa nake.

Muna fita wani dattijo ya tare ni. Makaɗi ne, ya tsufa yana kiɗan biki a garuruwan nan. Na zaci godiya zai yi.

Ya ce, "Malam, ka kuwa ji abin da yaron nan ya ce?"

Na ce, "Baba, ai ba waƙa ba ce. Ko ganga bai iya riƙewa ba."

Ya ce, "To Shata fa, ka taɓa ganinsa da kalangu a hammata? Makaɗansa ke kiɗa, shi magana yake yi. Wancan da kuka ba kyauta, maganar wasu ya aro, duk na san masu ita. Wannan da kuka kayar, tasa ya kawo."

Na rasa abin cewa, domin gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar da na yi shekaru ina tinƙaho da ita, da an auna Alhaji Mamman Shata da ita, da ta fitar da shi daga sahun mawaƙa. Na san haka sarai, na sha karantar da waƙoƙinsa a aji, amma ban taɓa haɗa zancen biyu ba.

A daren na sa aka turo mini bidiyon, na zauna na rubuta kalmomin a takarda kamar yadda nake sa ɗalibai su yi da waƙar baka. Waƙar a kan abokinsa ce da shaye-shaye ya ɗauke wa hankali. A ciki akwai kuɗin taki da ya gagari uban yaron, da ci-rani da ya raba ƙauye da samarinsa, da uwa mai ɓoye wa maƙwabta halin ɗanta. Amsa-amonsa bai karye ba daga farko har ƙarshe. Ya saka karin magana a inda ya dace, ya yi habaici ga masu sayar da kwalaben ba tare da ya kama suna ba, yadda 'yan gambara na kasuwa suke yi tun kaka da kakanni. Kalmomin Turanci ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Da ɗalibi ya kawo mini wannan a rubuce, ba hula ba kiɗa, da na kafe shi a allo don 'yan aji su koya.

Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba sam, wanda ya fi damuna. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma ana haɗa shi da roƙo. Ɗan malami ko ɗan manomi ba ya rataya kalangu ba tare da gida ya tashi ba. Shata kansa, can Musawa, sai da ya sha fama da mahaifinsa a kan waƙa. Yaron nan ɗan manomi ne. Ƙofar da nake zarginsa da ƙin shiga, mu ne muka rufe masa ita tun kafin a haife shi. Rap ta ba shi hanyar yin magana a bainar jama'a ba tare da an kira shi maroƙi ba, da kuɗin situdiyo kaɗan da wayar aboki. Samarin Bronx ma da faifan garmaho da lasifika suka fara, kayan da hannunsu ya iya kaiwa gare su. Nasarar da na ɗauka talabijin ce ta ƙirƙira, talabijin ɗin a makare ta iske ta: MTV ta yi shekaru tana jan ƙafa wajen nuna mawaƙa baƙar fata, kuma shirinta na Yo! MTV Raps sai a 1988 ya fara, lokacin da matasa sun riga sun yi zaɓinsu.

Har yau tsorona game da kalangu da kotso da kukuma yana nan, kuma ina da dalili. Sai dai na ɗora laifin inda ba nan yake ba. Mu iyaye ne muke ɗauko mai DJ a bikin 'ya'yanmu saboda ya fi araha, mu ne ba ma ba makaɗi 'ya, mu ne muka bar tsofaffin makaɗa suna mutuwa ba a naɗi muryarsu ba. Akwai waƙoƙin rap masu zagi da batsa da ba zan taɓa yabawa ba, amma yanzu sai na ji waƙa har ƙarshe nake faɗin haka.

Na koma wurin shugabannin ƙungiyar na gaya musu cewa ni na karkatar da hukuncin, kuma na roƙi a ba ni dama in faɗa a taronsu, tunda a gaban jama'a na yi ɓarnar. Suka ba ni, na faɗa. Na kuma ba da shawarar a riƙa miƙa wa alƙalai kalmomin kowace waƙa a rubuce kafin a kunna bidiyo, suka karɓa. Shi yaron ba ya wurin, ya riga ya tafi ci-rani Abuja. Na samu lambarsa na kira shi, na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na tambaye shi ko yana rubutu har yanzu. Ya ce aikin gini bai bar masa lokaci ba, kuma tun ranar da maganata ta kai kunnen mahaifinsa aka hana shi zuwa situdiyo.