Hoton da na goge bayan kuɗi sun shigo

1/ Jiya wata baiwar Allah ta tambaye ni yadda ƙungiyarmu ta unguwa take tara kuɗi a intanet, wai su ma suna so su fara kafin azumi. Na fara rubuta mata amsa, sai na ga abin ya fi ƙarfin saƙo ɗaya. To ga zare. Da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Kuma kaina zan fara tona wa asiri.

2/ Mu ba wata babbar ƙungiya ba ce. Tsofaffin ɗaliban Islamiyya ɗaya ne a Kano, muna biya wa marayun unguwa kuɗin makaranta da na asibiti. Ni ne ma'aji. Ba don na iya lissafi ba, ranar da aka raba muƙamai ne ban je taro ba.

3/ Da karo-karo muke yi tsakaninmu duk ƙarshen wata, yana isa da ƙyar. Sai aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya tashi, masu bayarwa ma suka koma neman mai ba su. Dole muka fito waje neman taimako.

4/ Roƙonmu na farko na wata uwar marayu ne, 'ya'ya huɗu, ruwan Agusta ya kayar mata da ɗaki. Na yi dogon rubutu, na sa lambar asusu. Kwana uku, abin da ya shigo bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba. Wani abokina ya ce, "Kai ma dai. Wa zai ba ka kuɗi bai ga hoto ba?"

5/ Na je gidan. Na same ta zaune kan ɓaraguzan ɗakin, yara a gefenta, idonta ya yi ja. Na ce, "Yaya, in ɗauka?" Ta ce, "Duk yadda kuka ga ya dace, Malam." Na ɗauki wannan a matsayin izini. Sai daga baya na gane maganar wadda ba ta da zaɓi ce.

6/ Na sa hoton bayan an sauko daga Juma'a. Kafin isha wayata ta yi zafi da alat. Kwana biyu muka wuce abin da muke nema. Wallahi a lokacin ji nake na gano sirrin duniya.

7/ Abin da ban lissafa ba: hoto in ya bar hannunka, ya bari ke nan. Ya shiga Facebook, ya shiga gurup-gurup na WhatsApp, wani ya ɗora masa sautin ban tausayi a TikTok. Wani marar tsoron Allah ya yanke lambarmu ya sa tasa a ƙasa.

8/ Bayan mako biyu babban ɗanta, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya daina zuwa makaranta. Yara sun sa masa suna "ɗan a taimaka". Dangin mijinta kuma suka zo da faɗa, wai ta tona musu asiri a duniya, ta nuna kamar ba su da zuciya.

9/ Ba ta same ni ba. Gidanmu ta zo wajen mahaifiyata, ina daga ɗaki ina ji. "Hajiya, ki roƙar min Malam ya cire hoton nan. Ɗaki kam na gode, Allah ya saka. Amma da na san haka ne, da mun ci gaba da kwana a zaure."

10/ Hajiya ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Da ni ce a hoton, za ka sa?" Na goge a daren. Amma nawa kaɗai na iya gogewa.

11/ Matsala ta biyu kuma ta biyo baya. Asusun da sunana yake, ga rarar kuɗi bayan an gama gini. Na canja wa mashin ɗina taya da albashina, washegari magana ta zaga majalisa: ma'aji ya yi sabuwar taya. Da dariya ake faɗa, amma ba duka ba ne wasa.

12/ Muka kai maganar rarar wajen malaminmu. Ya ce kuɗin da aka bayar don ɗaki, na ɗaki ne, kar mu juya shi sai da sanin masu shi. Muka fito muka faɗa: ga abin da ya shigo, ga rasit, ga saura, muna so mu sa a kuɗin makarantar yaran, wanda bai yarda ba ya yi magana a mayar masa.

13/ Ba wanda ya karɓa. Abin mamaki, wannan sanarwar ta rasit ta kawo mana sababbin mutane fiye da hoton. Kuma su ne har yau suke tare da mu. Masu hoton kuka sun bayar sau ɗaya sun wuce.

14/ To 'yar'uwa mai tambaya, ga abin da muka canja. Muka yi rajista da CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020. Sai an buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Sannan takardar SCUML, wadda ke ƙarƙashin EFCC, don banki zai tambaye ta.

15/ Akwai wahala da kashe kuɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu in mutum ya sa lambarmu, sunan ƙungiya yake gani, ba nawa ba. Kuma kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Na samu barci.

16/ Fuska kuwa mun daina. Muna nuna bangon da ya faɗi, mu nuna shi in ya tashi. Takardar asibiti, mu rufe suna. Takalma a ƙofar aji. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, amma ni na ga yadda yardar mai buƙata take, don haka ban tsaya nan ba.

17/ Mun kuma daina cewa "a taimaka da abin da ya sauwaƙa". Mutum ba ya sanin inda zai kama. Yanzu sai mu ce buhun siminti 20 ake nema, an ɗauki 13, wa zai ɗauki ɗaya? Bahaushe yana son ya cike gurbi. Da an ce saura biyu, sai ka ga mutum uku suna rige-rige.

18/ Kuma da ya cika mu ce ya cika, a dakata. Wannan kalmar ta "a dakata" tana da wuyar faɗa lokacin da alat ke shigowa. Amma ba tallar da ta kai ta.

19/ Wani abin da zai ba 'yan nan haushi: a nan X ana samun hayaniya da yaɗawa, amma kuɗinmu yawanci daga WhatsApp yake zuwa. Saƙon murya da Hausa, bai kai minti ɗaya ba, wata gwaggo ta tura gurup ɗin biki, wata ta tura na adashi. Naira 500, naira 1,000, ta hannun mai POS na bakin layi.

20/ Su ba sa tambayar hoto. Tambayarsu ɗaya ce: ɗan gidan wa ne ke riƙe da kuɗin?

21/ Lokaci ma yana da tasiri. Juma'a, ƙarshen wata, goman ƙarshe na Ramadan. Sai dai a Ramadan kowa na roƙo, kuma maraya yana cin abinci a watan Safar ma. Shi ya sa muka fi matsa wa alƙawarin wata-wata, ko naira 1,000 ce. Wata innata ta sa masa suna adashin lahira, sunan ya bi shi.

22/ Zakka daban muke rubuta ta. Tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, ba a cakuɗa ta da kuɗin data ko na buga fosta. Duk wanda ya turo, muna tambaya: zakka ce ko sadaka?

23/ Na ƙasashen waje: GoFundMe ba ya biya kai tsaye zuwa bankin Najeriya, sai kin samu wani a Ingila ko Amurka ya karɓa, kin ga an koma matsalar asusun mutum ɗaya. Ki duba LaunchGood, ko ki buɗe hanyar biya ta Paystack ko Flutterwave. Suna cire kasonsu, ki faɗa wa mutane tun farko.

24/ Kar kuma ki zuba ƙwanki duka a dandali ɗaya. Mun ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mu muna da littafi, na takarda, da lambobin waɗanda suka yarda a riƙa tuna musu.

25/ Gaskiyar da ba na son faɗa: hoton kuka ya fi saurin kawo kuɗi. Nesa ba kusa ba. Duk ranar da aka kawo mana marar lafiyar da ake jira a yi wa aiki, gardamar nan sai ta dawo sabuwa. Sakatarenmu yakan ce, "Mutunci ake da shi a kabari?" Ba ni da amsar da ta gamsar da shi. Wani lokacin ni ma ba ta gamsar da ni.

26/ Abin da muke yi a irin wannan, mu bi mutane ɗaya-ɗaya a waya, masu hali mu kai su asibitin su gani da idonsu. Yana cin lokaci. Sau ɗaya mun makara da kwanaki, Allah ya sa an yi aikin lafiya, amma ban manta daren ba.

27/ Yaron nan ya koma karatu, sai dai a wata makarantar, can gaba da unguwa. Mu muke biyan kuɗin motar. In mun haɗu yana gaishe ni, kansa a ƙasa.

28/ Makon jiya na sake cin karo da hoton a Facebook. An canja labarin, an ce wai 'yar gudun hijira ce, da lambar wani asusu da ban sani ba. Mutane suna ta addu'a a ƙasa, wasu suna cewa sun tura. Na kai ƙara, na rubuta cewa ƙarya ne. Da safen nan na duba, yana nan.